A Gindin Turke Ake Ƙulla Amana Tsakanin Doki da Mahayinsa

Da yammacin ranar Hawan Daushe, bayan Sarkin Kano ya dawo daga gaisuwar Babban Ɗaki ya tsaya a Ƙofar Kudu, sai a shiga jafi. Mahaya kan jeru sahu-sahu, su sako dawaki a guje su nufo inda sarki yake. Ƙura ta turnuƙe, kofatai na dukan ƙasa, har mai kallo ya ɗauka karo za a yi. Sai a takun ƙarshe dawakin su yi zamiya su cije wuri guda, mahaya su ɗaga hannu su yi jinjina, fili ya kaure da sowa.

Daga nesa duk tsayuwar iri ɗaya ce. Amma wanda ya san doki, idan ya matso kusa, tsayuwa biyu zai gani. Akwai dokin da ya tsaya baki a wangame, kai a sama, ido a firfice, kumfar bakinsa da jirwayen jini. Wannan azabar linzami ce ta tsayar da shi. Akwai kuma wanda tun mahayinsa na gyara zama a kan sirdi ya fara tattaro ƙafafun baya, kafin kamazuru ya gama miƙewa ya riga ya tsaya, kunnuwansa na juyawa baya suna sauraron wanda ke kansa. Na farko ƙarfinsa aka fi. Na biyu kuwa ya gane abin da ake so, kuma ya yarda ya yi. Kuɗin saye da tsadar kayan ado ba su ne suka raba dawakin nan biyu ba. Abin da ya raba su watanni ne, wani lokaci shekaru, na zama tare a gindin turke.

Ƙasar da ta daɗe a kan sirdi

Doki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Muhammadu Rumfa kuwa, wanda ya hau gado a 1463, shi ya fara fita yaƙi da dawakin zage, waɗanda ake ja ba kowa a kansu domin sarki ya sauya idan na hawansa ya gaji. Sarautu irin su Madawaki da Ubandawaki da Sarkin Dawaki Mai Tuta da Sarkin Dawakin Tsakar Gida da Shamaki duk daga hidimar doki suka tsiro. Har yau ga Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a taswirar Kano. Bahaushe bai tsaya ga cewa doki baƙi ko fari ba, sai da ya ba kowane launi sunansa: akawal, kili, danda, bidi, hurde, gunya, bikili. Makaɗi kamar Ibrahim Narambaɗa ya yi wa doki waƙa sukutum, wato Dokin Iska Ɗanfilinge, kamar yadda yake yi wa sarakuna.

A wancan zamani, jituwa tsakanin doki da mahayi batun rai ne. Barden da ya riƙe mashi a hannu ɗaya, garkuwa a ɗaya, bai da hannu na uku da zai yi kokawa da linzami. Dole dokinsa ya ji maganar cinya da diddige da karkatar jiki, ya shiga inda kibiya ke zuba, ya juyo lokacin da aka so. Wanda dokinsa ya turje a tsakiyar fage, da wuya ya koma gida ya ba da labari.

Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, yaƙin dawaki ya ƙare, doki ya koma na ado da biki. An yi gagarumin hawan daba a Kaduna a 1956 domin Sarauniyar Ingila, aka sake wani a 1977 lokacin bikin FESTAC. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Wannan abin alfahari ne. Sai dai akwai abin da ya salwanta a hanya. Hakimin da a da yake rangadi a kan doki yanzu a mota yake yi, ɗan aike ya hau babur. Doki da yawa sun koma tsayuwa a turke mafi yawan shekara, sai sallah ta matso a tuna da su. Kayan hawa sun ƙara kyau, sabo tsakanin mahayi da abin hawansa ya ragu.

Yadda duniya take a idon doki

Mafarin fahimtar doki shi ne sanin cewa dabba ce da Allah Ya halitta a cikin waɗanda ake farauta. Duk girmansa da ƙarfinsa, makaminsa na farko gudu ne. Idanunsa a gefen kai suke, don haka yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi ba tare da ya juya ba, in ban da wurare biyu: dab da goshinsa da ƙarƙashin hancinsa, da kuma daidai bayan wutsiyarsa. Yaron da ya lallaɓo ta baya shiru ya sha shuri, ba mugunta doki ya yi masa ba. Wani abu ne ya faɗo masa daga inda ba ya gani, ya kare kansa. Shi ya sa masu kula da dawaki ke yin magana ko fito tun daga nesa, su tunkari doki ta kafaɗa, su ɗora masa hannu kafin su zagaya.

Jinsa ya fi namu kaifi, kuma kowane kunne yana juyawa da kansa. Fatarsa tana jin saukar ƙuda har ta karkaɗe shi. Dabbar da ke jin ƙuda a gadon bayanta ba ta buƙatar a huda mata ciki da kaimi kafin ta san ana mata magana.

Kuma doki dabbar garke ce. A sake, yakan shafe wajen awa 16 a rana yana kiwo yana takawa a hankali tare da 'yan uwansa. Tumbinsa ƙarami ne, an yi shi don ci kaɗan-kaɗan ba yankewa, kuma ba ya iya amai. Idan aka ɗaure shi shi kaɗai a turke dare da rana, da dabaibayi a ƙafa, aka cika masa ciki da gero sau biyu, an hana shi abubuwa uku da jikinsa ke nema: motsi, abokin zama, da tauna mai tsawo. Ƙarfin da ya taru bai sami mafita ba, ranar da aka ɗaura sirdi shi zai fito, sai a ce doki ya cika tutsu.

To, a auna wannan halitta da abin da muke nema a wurinta ranar hawa. Ga 'yan bindiga na ɓarin wuta, ga kakaki da algaita da tambari, ga dubban mutane na ihu suna kutsowa, ga lema na juyawa, ga kaya masu nauyi da ƙyalli sun rufe ta tun daga goshi har gindi. Duk abin da ke jikinta cewa yake ta gudu. Dokin da ya tsaya cak a cikin wannan hayaniya, ya taka a natse, ya ba mahayinsa amanar da ta fi ƙarfin tsoronsa.

Yana karanta wanda ke kansa

Tsofaffin mahaya sun daɗe suna cewa doki ya san matsoraci tun kafin ya sa ƙafa a likkafa. Binciken zamani ya gaskata su. A 2009 wasu masana a Suwidin ƙarƙashin Linda Keeling suka sa mutane su ja dawaki ko su hau su, su bi wata gajeriyar hanya sau huɗu. Aka gaya wa mutanen cewa a zagaye na huɗu za a buɗe lema kwatsam a gabansu. Ba a buɗe lemar ba, amma bugun zuciyar mutanen ya ƙaru saboda fargaba, na dawakin ma ya ƙaru tare da nasu, alhali ba wanda ya gaya wa dawakin komai. Ta igiya da kamazuru da sandarewar jikin mutum tsoron ya isa gare su.

A 2016, a Jami'ar Sussex ta Ingila, an nuna wa dawaki 28 hotunan fuskokin mutane, wasu na murmushi, wasu a murtuke. Da suka ga fuskar fushi sai zuciyarsu ta ƙara sauri, suka riƙa kallonta da idon hagu, wanda shi suka fi amfani da shi wajen duban abin da suke zargi. Bayan shekara biyu masanan suka ƙara gaba: aka nuna wa doki hoton mutum cikin fushi ko fara'a, bayan wasu awoyi mutumin ya zo da kansa bai nuna komai a fuska ba. Dawakin da suka ga hotonsa yana fushi sun karɓe shi da ɗari-ɗari.

Ma'anar wannan ga mai doki a fili take. Wanda ya shigo barga da ɓacin ran kasuwa, yana tsawa yana fizgar ragama, ya bar tabo ko da bai ɗaga bulala ba. Gobe idan ya zo da fara'a, doki bai manta jiya ba.

Sassauci shi ne darasi

Doki ba ya jin Hausa, ba ya jin Larabci. Harshen da ke tsakaninsa da mahayi matsi ne da sassauci. Mahayi ya matse cinya, doki ya taka, sai a sassauta. Ya ɗan ja kamazuru, doki ya rage tafiya, sai a saki. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, doki ba daga matsin yake koyo ba, daga sakin yake koyo. Sakin ne ke gaya masa cewa abin da ya yi yanzu shi ake nema. Idan sakin ya makara da 'yan daƙiƙoƙi, saƙon ya ɓace. Idan bai zo ba sam, doki ya tsaya amma ana ci gaba da ja, to an koya masa cewa tsayawa ba ta da amfani, sai ya nemi wata mafita: ya ɗaga kai, ya cije linzami, ya miƙe da ƙafafun baya, ko ya kwasa a guje.

Masanan da suka kafa ƙungiyar nazarin hawan doki ta duniya a 2007, irin su Andrew McLean da Paul McGreevy na Ostireliya, a kan wannan suka gina koyarwarsu: alama ɗaya don buƙata ɗaya, a fara da mafi sauƙin taɓi, a saki nan take, kada a ba da umarni biyu masu karo da juna. Wannan na ƙarshen shi ne laifin da ya fi yawa a titunanmu. Matashi ya zuba wa doki kaimi yana cewa tafi, a lokaci guda ya ɗaure linzami yana cewa tsaya, don doki ya yi ta rawa yana tsalle 'yan kallo su yi tafi. Abin da ake wa tafi ruɗewa ce da zafi.

Linzamin gargajiya da aka fi sani a ƙasar nan mai ƙarfi ne ƙwarai. Yana da harshen ƙarfe da ke tokare ganɗa idan aka ja, da zobe da ke zagaye haɓa. Ƙarfen yana zama a kan dasashi, wurin da ba haƙori tsakanin haƙoran gaba da turame, inda fata ce siririya a kan ƙashi. A hannun gwani, irin wannan linzami da yatsa biyu ake sarrafa shi, kamazuru a sake, domin doki ya riga ya san alama tun kafin ƙarfe ya taɓa shi. A hannun ɗan koyo da ke riƙe kamazuru don kada ya faɗo, wuƙa ce. Bakin da aka yi ta yankawa yakan yi kanta ya daina ji, sai a ce doki ya yi taurin baki, a nemo linzamin da ya fi na da tsanani. Haka ake ta yi har doki ya lalace. Maganin yana wurin mahayi: ya koyi zama da cinyarsa da daidaiton jikinsa, hannunsa ya huta.

Wannan ilimi ba sabo ba ne. Zenofon, wani barden Girka da ya rubuta littafi kan hawan doki kusan shekara 2,400 da suka wuce, ya yi gargaɗi kada mutum ya taɓa horon doki yana cikin fushi. Ya ba da shawara cewa idan doki ya tsorata da wani abu, mahayi ya je ya taɓa abin da kansa, ya jawo dokin a hankali ya gani. Wanda ya doke shi a wannan hali ya ninka masa tsoro, domin zai ɗauka abin da ya tsorata da shi ne ya jawo masa zafin. A Biyana ta ƙasar Ostiriya, a tsohuwar makarantar hawa da ake horar da fararen dawakin Lipizza, sai ingarma ya kai wajen shekara 4 ake fara masa horo, kuma yakan ɗauki kimanin shekara 6 kafin a ce ya ƙware. A nan kuwa sau da yawa duƙushi bai cika shekara 2 ba an ɗora masa sirdi da ƙato, alhali ƙashin bayan doki ba ya gama ƙwari sai ya kai shekara 5 zuwa 6. Sannu ba ta hana zuwa.

Kafin a ce gardama, a duba ciwo

Doki ba ya kuka idan yana jin ciwo. Dabbar da ake farauta ɓoye rauninta take yi. Saboda haka ciwonsa a hali yake fitowa, mu kuma sai mu kira shi gardama. Wata likitar dawaki a Ingila, Sue Dyson, ta fitar da jerin alamu 24 a 2018 da ake gani a jikin doki yayin da ake kansa. Daga ciki akwai kwantar da kunnuwa baya na tsawon lokaci, wangame baki, fito da harshe, yawan kaɗa kai, kaɗa wutsiya da ƙarfi, lumshe ido, tuntuɓe, turjiya da tutsu. Bincikenta ya nuna cewa dokin da ya nuna 8 ko fiye daga cikinsu, mai yiwuwa ne ƙwarai akwai ciwo a ƙafarsa ko bayansa, ko da ido bai ga ɗingishi ba.

A wurinmu, wuraren da ya kamata a fara dubawa sanannu ne. Sirdin itace da bai dace da bayan doki ba, ko aka ɗora shi ba isasshen abin da zai tare tsakani, yana haifar da miki a doro. Sau nawa ake kwance jalala mai aikin zinariya a tarar da gyambo a ƙarƙashinta? Majayin da aka ɗaure da ƙarfi lokaci guda yana sa doki ya tsani ganin sirdi, har ya riƙa kai cizo. Turamen doki suna tsiro tsawon rayuwarsa, gefensu kan yi kaifi ya yanki kumatu, sai ya riƙa kaɗa kai idan an sa linzami. Kofaton da aka bari ya yi tsawo ko ya tsage, ga kuma gudu a kan kwalta, yana gajiyar da gaɓoɓi. Sai ƙishirwa: babban doki kan sha lita 25 zuwa 50 na ruwa a rana, fiye da haka a zafin bazara, amma a ranar hawa wani yakan wuni cikin kaya tun hantsi har magariba bai ga bokiti ba.

Mahayin da dokinsa ya sauya hali kwatsam, abin da ya kamace shi shi ne ya sauka ya shafa bayansa, ya ɗaga ƙafafunsa, ya leƙa bakinsa, in abin ya fi ƙarfinsa ya kira likitan dabbobi. Bulala ba ta taɓa warkar da miki ba.

Wanda ya san doki da wanda ke hawansa

A yawancin gidajen sarauta da na attajirai, mutum biyu ne ke tare da doki. Akwai mai shi, wanda ke hawa ranar biki. Akwai kuma yaron barga, wanda ke tashi da asuba ya share turke, ya kawo harawa da dusa, ya jiƙa kanwa, ya yi wanka da goga, ya cire kaska, ya fita da shi kilisa da yamma. Idan yaron nan ya doso, doki kan yi ƙaramar haniniya tun bai ƙaraso ba. Idan mai gida ya doso da babbar riga da rawani, wani dokin ja da baya yake yi. Doki bai san wanda ya biya kuɗi ba. Wanda ya san hannunsa da muryarsa shi ne nasa.

Babu laifi a ɗauki mai hidima, amma mai son dokinsa ya yarda da shi sai ya ba da nasa lokacin. Ko rabin awa ne a rana: ya goge shi da hannunsa, ya sosa masa doro inda dawaki ke sosa wa junansu, ya ja shi da ragama su taka, ya koya masa tsayawa da ja da baya tun yana ƙasa. Dokin da bai bi mutum a ƙasa ba, ba zai bi shi a kan sirdi ba.

Addininmu ma bai bar wannan ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, wadda almajiran ƙasar nan suka sani, an ruwaito cewa an ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana share fuskar dokinsa da mayafinsa. Hadisai ingantattu sun hana dukan dabba a fuska, an kuma hana mayar da bayanta kujerar zaman hira. Wanda ya ɗauki hawa a matsayin sunna, to ya haɗa da wannan ɓangaren nata.

Su kuma yaran barga masu hidimar doki, da dattawan da suka tsufa a shamakin sarakuna, su ne taskar ilimin doki a ƙasar nan. Sun san yadda ake saba wa doki da ƙarar bindiga daga nesa, ana matsowa kaɗan-kaɗan kwana bayan kwana. Sun san a haɗa sabon doki da tsoho mai natsuwa ranar fitarsa ta farko. Sun san a sa masa kayan ado ɗaya bayan ɗaya tun sallah da saura, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Mafi yawan wannan sani a ka yake, kuma yana tafiya tare da masu shi.

Minti ashirin ba ya isa

A gasar Olamfik ta Tokiyo, a watan Agusta na 2021, duniya ta ga abin da ke faruwa idan aka haɗa doki da baƙon mahayi aka ce su yi abin mamaki. A wani wasa mai rassa biyar, wanda a lokacin hawan doki yake ɗaya daga cikinsu, ƙa'ida ita ce a yi ƙuri'a a ba ɗan wasa dokin da bai taɓa gani ba, a ba shi minti 20 su saba. Annika Schleu ta Jamus tana kan gaba a gasar, sai ta sami doki mai suna Saint Boy, wanda ya riga ya firgita a hannun wata 'yar wasa kafin ita. Dokin ya turje, ita tana kuka tana dukansa, mai horar da ita Kim Raisner ta kai masa naushi, aka kori mai horarwar daga gasar. Kafin shekarar ta ƙare hukumar wasan ta yanke shawarar cire hawan doki daga cikinsa bayan gasar Faris ta 2024.

Abin da ya faru sau ɗaya a Tokiyo, a garuruwanmu kowane mako yake faruwa. Hawan angwanci da kilisar matasa sun bunƙasa, kuma akasari da dawakin haya ake yi. Doki ɗaya yakan ɗauki mahaya da yawa a wuni guda, kowa da irin hannunsa, wani bai taɓa hawa ba sai ranar. Ana sukuwa a kan kwalta tsakanin motoci da 'yan adaidaita, ana banke mutane, dawaki na zamewa suna karyewa, har hukumomi a Kano sun sha taka wa kilisa birki a cikin gari. Sha'awar matasan abin so ce, ita ce ma za ta raya al'adar. Abin da suka rasa shi ne mai koya musu da filin da za su koya.

A ɗaya gefen kuma ga 'yan ƙwallon dawaki. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya rungumi wasan ya dasa shi a Katsina, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya zama gwanin da har yau ake ambato a filayen Kaduna da Kano da Legas. A wannan wasa kamazuru a hannun hagu yake, sanda a dama, idon ɗan wasa na kan ƙwallo. Juyawa da tsayawa da rugawa duk da cinya da nauyin jiki ake faɗa wa doki. Kowane zagaye wajen minti 7 ne, sannan a sauya doki don ya huta. Duk ɗan wasan kirki ya san halin kowane doki a bargarsa, wanda ke son a sake masa da wanda ke buƙatar a lallashe shi, kuma ba ya jin kunyar cewa rabin wasan ko fiye na dokin ne.

Abin da ya rage a yi

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. Masarautu da ƙungiyoyin mahaya suna da ikon ware fili a bayan gari inda matasa za su koyi hawa a hannun dattawan barga, a fara da share turke da ɗaura ragama kafin a kai ga sukuwa. Suna da ikon sa likitan dabbobi ya duba baya da baki da ƙafar kowane doki kafin a ba shi izinin shiga hawa, a kuma ajiye ruwa a kan hanyar da ayari ke bi. Masu ba da haya za su iya ƙayyade yawan hawa a rana, su hana ɗan koyo kaimi da linzami mai tsanani, domin dokin da ya lalace asararsu ce. Maƙera da baduku da masu sassaƙa sirdi za su iya zama da likitoci a gyara abin da ke cutarwa ba tare da an taɓa kyan kayan ba. Jami'o'in da ke da sashen likitancin dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri, da masu nazarin Hausa, ya kamata su je su zauna da tsofaffin masu dawaki su rubuta abin da suka sani tun suna raye.

Sauran aikin kuwa na kowane mai doki ne shi kaɗai, kuma ba wanda zai yi masa. Dabbar nan ta fi shi ƙarfi ninki ba adadi, da ta so da ba ta bar shi ya hau ba. Ta bar shi ne saboda an saba mata da hannun mutum, ta kuma sa ran hannun ba zai cuce ta ba. Hakkinta ne mahayi ya koyi harshenta kamar yadda ya tilasta mata koyon nasa, ya duba lafiyarta kafin ya zarge ta, ya saki da zarar ta amsa. Duk wanda ya ɗaure doki a gidansa ya ɗauki amanar mai rai, kuma za a tambaye shi yadda ya riƙe ta.